Sauya Katin Hoto ko Haɗa Sabuwar Kwamfuta: Abin da Mai Wasan Gem Zai Auna Kafin Ya Kashe Kuɗinsa

Duk wanda ya mallaki kwamfutar tebur ta wasan gem, akwai ranar da zai kunna sabon wasa ya tarar hoto yana cijewa, 'yan wasan da ke kan allo suna tafiya tamkar ana jan su da igiya. Tambayar da ke biyo baya guda ce: a sayo sabon katin hoto a saka wa tsohuwar na'urar, ko kuwa a haɗa wata sabuwa tun daga tushe?

Ga matashin da ke zaune a Orozo, a kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta bi ta Karu da Jikwoyi da Kurudu zuwa Karshi a Babban Birnin Tarayya, amsar wannan tambaya tana iya cinye ajiyar watanni. Kayan kwamfuta daga ƙasashen waje ake shigo da su, da dala kuma ake sayo su. Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta riƙa tantance darajar naira, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Bugu da ƙari, da yawa daga masu irin wannan na'ura da ita suke neman abinci: da rana a tace bidiyon biki ko a zana fosta da katin gayyata, da dare a buga gem. Idan aka yi sayen kuskure, har sana'ar tana iya tsayawa.

Aikin katin hoto

Katin hoto, wanda masu sana'a ke kira GPU, shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a cikin wasa: fili da haske da inuwa da motsi. Yana sake zana hoton sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ya kai sau 60, wasan zai tafi sumul. Idan ya faɗo ƙasa da 30, sai a fara ganin cijewa. Kamfanoni uku ne ke ƙera zuciyar waɗannan katuna: Nvidia mai jerin GeForce, da AMD mai jerin Radeon, sai Intel da ya shigo fagen da jerin Arc a 2022.

Sai dai kati ba ya aiki shi kaɗai. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ce ke lissafa abin da ke faruwa a wasan ta miƙa masa ya zana. Ram yana riƙe bayanan da ake amfani da su a daidai lokacin. Madabod shi ne babban allon da sauran kayan ke zaune a kansa, akwatin wuta kuma, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa fak, shi ke ciyar da su duka. Saurin na'ura yana tsayawa ne a inda mafi raunin waɗannan kaya ya tsaya. Wannan ya sa matakin farko shi ne a gano wanne ne ke jan sauran baya.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo

Manhajar Windows tana ɗauke da Task Manager, wanda ake buɗewa da maɓallan Ctrl da Shift da Esc a tare. Yana nuna yawan aikin da furosesa da ram da katin hoto ke yi. Akwai kuma manhajar MSI Afterburner, wadda kyauta ce, tana nuna waɗannan alƙaluma a gefen allo ana tsaka da wasa, haɗe da zafin kowane ɓangare.

Idan kati yana aiki kusa da kashi 100 cikin 100 alhali furosesa tana da sauran sarari, kati ne ya gaza. Idan kuwa kati yana hutawa a wajen rabin ƙarfinsa amma wasa na cijewa, matsalar tana wani wuri, galibi a furosesa ko ƙarancin ram.

Akwai gwaji na biyu da ya fi wannan sauƙi. A rage girman hoton wasan daga 1080p zuwa 720p, a sauke duk kwalliyarsa zuwa matakin ƙasa. Wannan yana sauƙaƙa wa kati aiki amma kusan ba ya rage wa furosesa komai. In wasan ya yi sauri sosai, sabon kati zai yi amfani. In saurin bai canza ba, ko an sayo kati mafi tsada a kasuwa ba za a ga bambancin da ya kai kuɗin ba.

Kafin a yanke hukunci kuma, ya dace a buɗe na'urar a share ta. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ƙarfen da ke janye zafi, kuma kati ko furosesa da suka yi zafi fiye da ƙima suna rage gudu da kansu don kada su ƙone. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da abin sanyaya ta yana bushewa bayan shekaru. Na'urar da aka ɗauka ta tsufa, wani lokaci shara da sabon mai kawai take nema. Haka nan, ƙara ram daga 8GB zuwa 16GB, ko maye gurbin tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD, suna magance cijewa da jinkirin buɗe wasa a kan kuɗin da bai kai na kati ba.

Lokacin da kati kaɗai ya wadatar

Sauya kati ya fi dacewa idan furosesa tana da cibiya shida ko fiye, ram ya kai 16GB, kuma na'urar tana iya ɗaukar Windows 11. Misali, wanda yake da Ryzen 5 3600 ta 2019 ko Core i5 ta zubi na 10 zuwa sama, amma har yanzu yana kan katin GTX 1060 na 2016 ko RX 580 na 2017, zai ga canji babba idan ya koma RX 6600 ko RTX 3060 ko RTX 4060.

Akwai dalilai biyu da ke ƙara matsa wa masu tsofaffin katuna. Na farko, wasu sababbin wasanni sun daina buɗewa sam a kansu. Indiana Jones and the Great Circle da ya fito a Disambar 2024, da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025, suna buƙatar katin da aka ƙera da fasahar bin sawun haske, wadda Nvidia ya fara sakawa a jerin RTX 20 a 2018, AMD kuma a jerin RX 6000 a 2020. Na biyu shi ne ma'ajiyar da ke jikin katin kansa. Kati mai 4GB ya yi wa manyan wasannin zamani kaɗan, 8GB ya zama mafi ƙarancin abin da ake nema, kuma 12GB irin na RTX 3060 ko Arc B580 yana ba da sarari ga mai tace bidiyo.

Amma wanda wasansa bai wuce eFootball ko EA Sports FC ko GTA V ba, bai buƙatar katin da ya kai wannan. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allon kallo ma yana da iyaka: mai 60Hz ba zai nuna hoto fiye da sau 60 a daƙiƙa ba, komai ƙarfin katin da ke bayansa.

Abubuwan dubawa kafin a je kasuwa

Daga Orozo zuwa Banex Plaza da ke Wuse 2, inda kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Abuja ta fi ci, tafiya ce da ke ratsa cunkoson Nyanya. Mai saye a Kano zai nufi titin Beirut ko Farm Centre, na Legas kuma Computer Village da ke Ikeja. Ko ina ne, abubuwa uku ne ya kamata a tabbatar da su tun daga gida.

Na farko shi ne akwatin wuta. Ramin da ake soka kati a jikin madabod yana ba da wat 75 kacal. Abin da ya haura haka sai ta waya daga akwatin wuta: mai ƙafa shida tana ba da wat 75, mai ƙafa takwas wat 150. RTX 4060 yana cin kimanin wat 115, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, RX 580 wat 185. Manyan katuna sun yi nisa da wannan: RTX 4090 yana cin wat 450, RTX 5090 wat 575, kuma suna amfani da sabuwar waya mai ƙafa 16. A duba takardar da ke manne a jikin akwatin a ga ƙarfinsa da sunan kamfanin da ya yi shi. Alamar 80 Plus tana nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan ciki. Akwatin da ba shi da sanannen suna, ko da an rubuta wat 600 a jikinsa, yana iya kasa cika abin da aka rubuta, kuma idan ya lalace yakan tafi da kati da madabod. A nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido.

Na biyu shi ne gidan kwamfutar, wato kesin. A auna tsawo da faɗin wurin da kati zai zauna da abin awo, domin katuna masu fanka uku sukan haura santimita 30.

Na uku shi ne ramin PCIe. Sabon kati yana shiga tsohon rami ya yi aiki, saboda an tsara zubin ramukan su karɓi juna. Sai dai wasu katuna suna rasa ƙarfi a tsohon madabod. RX 6500 XT na 2022 layi huɗu kawai yake amfani da su, don haka yana yin rauni ƙwarai a ramin PCIe 3.0. Katunan Intel Arc kuma suna buƙatar wani tsari mai suna Resizable BAR, wanda tsofaffin madabod da yawa ba su da shi.

Matsalar kwamfutocin ofis

Kaso mai yawa na kwamfutocin tebur da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya na hannu ne, waɗanda ofisoshi a Turai da Amurka suka gama da su, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. Suna da ƙarko da sauƙin kuɗi, amma don aikin ofis aka ƙera su. Akwatin wutarsu galibi bai kai wat 300 ba, ba shi da wayar kati, kuma a yawancinsu mahaɗin wutar madabod na kamfanin ne shi kaɗai, ba ya karɓar akwatin kasuwa kai tsaye. Masu siririn jiki daga cikinsu ba sa ɗaukar kati mai cikakken faɗi.

Abin da ke shiga irin waɗannan shi ne gajeren kati da ba ya neman ƙarin waya, kamar wasu nau'o'in GTX 1650 na 2019 ko RTX 3050 mai 6GB na 2024, waɗanda ramin madabod ke ishe su. Wannan shi ne ƙarshen abin da za a iya yi musu. Wanda burinsa ya wuce nan, kuɗin da zai zuba a cikinsu gara ya ajiye su don sabon haɗi.

Lokacin da sabon haɗi ya zama dole

Furosesa ba ta canzuwa yadda aka ga dama, domin kowace tana da mazaunin da aka yi mata a jikin madabod, kowane madabod kuma yana da irin ram ɗin da yake karɓa. Na'ura mai Core i5 ko i7 ta zubi na 4, wadda ta fito a 2013, tana amfani da ram na DDR3. Duk wanda zai fita daga wannan zubi, sai ya sayi furosesa da madabod da ram a lokaci guda. Idan aka haɗa da kati da akwatin wuta, an riga an sayi sabuwar kwamfuta, kesin ne kawai ya rage.

Manhaja ma ta ja nata layin. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tare da ƙarin wa'adin gyaran tsaro har zuwa Oktoban 2026 ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen ta jerin 2000 zuwa sama. Wasannin da ake bugawa ta intanet sun bi sahu don daƙile maguɗi: Valorant yana neman TPM 2.0 da Secure Boot a kan Windows 11, Battlefield 6 da ya fito a Oktoban 2025 ma ba ya buɗewa sai da Secure Boot. Na'urar da ta kasa cika waɗannan sharuɗɗa, sabon kati ba zai cike mata su ba.

Wanda zai yi sabon haɗi zai zaɓi tsakanin mazaunin AM5 na AMD, wanda ya fito a Satumban 2022 kuma DDR5 kaɗai yake karɓa, da LGA1700 na Intel mai ɗaukar zubi na 12 zuwa na 14, wanda ake samun madabod ɗinsa na DDR4 ko na DDR5, sai LGA1851 na 2024 mai DDR5. Ya kamata a saka farashin ram cikin lissafi tun farko, domin daga ƙarshen 2025 ya yi tsada ƙwarai a duniya, sakamakon yadda kamfanonin fasahar AI ke kwashe abin da masana'antu ke samarwa.

Hanyar tsakiya

Tsakanin zaɓin biyu akwai na uku, musamman ga masu madabod na AM4. AMD ya fito da wannan mazauni a 2016, ya kuma ci gaba da yi masa furosesa shekaru da dama. Madabod irin B450 da aka saya da Ryzen ta farko ko ta biyu yana iya karɓar Ryzen 5 5600 ko Ryzen 7 5800X3D ta 2022, idan aka sabunta manhajar BIOS ɗinsa. Ta haka ram da madabod suna nan, furosesa da kati ne kawai za a sauya, kuma ana iya yi ɗaya bayan ɗaya gwargwadon aljihu.

Gargaɗi a nan shi ne, idan wuta ta ɗauke ana tsaka da sabunta BIOS, madabod yana iya mutuwa. A yi wannan aiki ne kawai a kan UPS ko inbata mai cikakken caji.

Ko a sabon haɗi ma ba komai ake zubarwa ba. Kesin, SSD, allon kallo da akwatin wuta mai inganci suna iya komawa sabuwar na'ura. Shi ya sa mai ƙaramin jari kan fara da kati da akwatin wuta nagari, ya mora su a tsohuwar, daga baya ya ɗauke su zuwa sabuwar.

Kuɗin wuta da yanayi

Farashin kati ba ya ƙarewa a shago. A watan Afrilun 2024, Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, masu samun aƙalla sa'o'i 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya koma naira 209.5 a watan Yuli na shekarar. Na'urar da ke jan wat 300, idan tana aiki sa'o'i huɗu kullum, za ta ci yunit 36 a wata, wato kimanin naira 7,500 a wannan farashi. Mai jan wat 500 za ta ci yunit 60, sama da naira 12,500. Waɗanda ke ƙananan rukuni a ƙarƙashin kamfanin AEDC mai raba wuta a Abuja suna biyan ƙasa da haka a kan yunit, amma sa'o'insu ba su kai ba, sai su cike da janareta ko sola, kuma man fetur ya ninka farashi tun cire tallafi a Mayun 2023.

Wannan ya sa kati mai ƙarancin cin wuta ya fi daraja a nan. RTX 4060 ya fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba, amma yana cin wat 70 ƙasa da shi. Ga mai dogaro da batirin inbata, wannan bambanci ƙarin lokacin aiki ne. Kati mai cin wuta kaɗan kuma ba ya fitar da zafi da yawa, abin da ke da muhimmanci a watannin Maris da Afrilu a ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska.

Ƙaramin UPS mai 650VA, wanda ya fi yawa a kasuwa, galibi bai kai wat 400 ba, saboda haka yana iya kashewa nan take a ƙarƙashin babban kati. Duk wanda ya ƙara ƙarfin na'urarsa, sai ya sake duba UPS da sitabilaizarsa.

Sabo ko na hannu

A ranar 15 ga Satumba, 2022, tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙo shi. Katuna masu ɗimbin yawa da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya, musamman RX 570 da RX 580 da jerin RTX 30. Wasu suna da sauran lafiya, wasu fankarsu da ma'ajiyarsu sun gaji. Akwai kuma katunan jabu, tsofaffi da aka sauya wa suna a cikin manhajarsu don su yi kama da na zamani.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A nemi mai shago ya saka katin a na'ura a gaban mai saye, a buɗe manhajar GPU-Z a tabbatar da sunansa da girman ma'ajiyarsa, sannan a bar shi yana gudanar da wasa mai nauyi aƙalla minti 20. Ɗige-ɗige ko layuka masu launi a kan allo, ko allon ya yi baƙi, ko fanka mai ƙara, duk alamun a bar shi ne. A gwada kowace kafar fitar da hoto. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar katin da adadin kwanakin garanti a rubuce, domin da shi ne za a iya kai ƙorafi ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, idan aka samu saɓani.

Yadda ake rufe lissafi

Hanyar da ta fi tsare aljihu ita ce a rubuta jeri biyu a takarda. A na farko a sa kuɗin kati tare da duk abin da zai jawo: akwatin wuta, ƙarin ram, kesin, UPS. A na biyu a sa kuɗin sabon haɗi, a cire abin da za a samu idan aka sayar da tsofaffin kayan da kuma darajar waɗanda za a ci gaba da amfani da su. Idan jerin farko ya tsaya a kan kati, ko kati da akwatin wuta, kuma na'urar tana ɗaukar Windows 11, sauya kati ya fi. Idan ya kai kaya uku ko huɗu, ko gwajin rage girman hoto ya nuna furosesa ce ta gaza kuma mazauninta ba ya karɓar wadda ta fi ta, lokacin sabon haɗi ya yi.

Tsohuwar na'urar da aka sauke ba shara ba ce. Tana iya yin aikin buga takardu a shagon kwamfuta ko karatun yara a gida. Wadda ta mutu gaba ɗaya kuma a miƙa ta ga masu gyara su ciri abin da ke da amfani, kada a ƙona ta a bola, domin hayaƙin allunan lantarki da wayoyinsu yana ɗauke da dalma da wasu sinadarai masu cutar da lafiya.